Uwargida Da Motar Gas: Yadda Za Ki Canja Giya Ba Tare Da Zillo Ba

Yau filin namu ya bar madafa ya fito ƙofar gida, inda maigida ke ajiye mota. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da giyar babbar mota mai shan gas. To saurara ki ji.

Da daminar bara, a garin da nake koyarwa, naƙuda ta kama wata maƙwabciyarmu da tsakar dare ana tsuga ruwa. Ga Hilux a ƙofar gida, ga makulli a rataye, amma maigida ya yi tafiya. Mu biyar muka tsaya muna kallon juna. Ni kaɗai na taɓa riƙe sitiyari, shi ma a ƙaramar mota mai fetur. Na kai ta asibiti kuma Allah ya sauke ta lafiya, amma duk sa'ad da na canja giya sai motar ta yi zillo, baiwar Allah ta saki salati, kuma sau biyu tana mace mini cikin taɓo. Bayan suna na nemi wani dattijon direba ya koya mini, abin da na samu wurinsa shi ne zan ba ki.

Da farko ki sani injin gas ba halinsa ɗaya da na fetur ba. Ƙarfinsa yana fitowa tun yana juyi a hankali. Ɗauki Land Cruiser ɗin nan samfurin 70 da kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1984, wadda ake yawan ganin ma'aikatan lafiya a cikinta. Injinta mai suna 1HZ, mai lita 4.2 da silinda 6, wanda ya fito a 1990, yana kai ƙarshen ƙarfin jansa ne a juyi 2,200 cikin minti ɗaya, alhali ƙananan motocin fetur da yawa sai sun kai wajen 4,000. Watau in kika danne totur har inji yana ihu kafin ki canja, mai kawai kika ƙona. Dubi agogon juyin inji a gabanki, kowace lamba dubu ce. In allura ta kai 2 zuwa 2 da rabi, lokacin canji ya yi. In motar ba ta da wannan agogo, kunnenki ya isa. Haka kuma kada ki bar allura ta faɗi kusa da 1 kina cikin babbar giya kina danna totur, za ki ji mota tana kakkarwa, roƙonki take yi ki sauko.

Kafin ki tayar da mota gyara zama. Kulocin waɗannan motoci yana da nauyi, kuma an yi kujerunsu da tsawon ƙafar maza. Jawo kujera gaba har ki iya danne kuloci ya taɓa ƙasa gwiwarki na ɗan lanƙwashe. Rabin ƙarar giya da mata ke yi daga nan take, ƙafa ba ta kai ƙasa ba. Ajiye silifas da takalmi mai tsini, sa sau-ciki, kana ki tattare bakin zane da gyale kada su sarƙe.

Shi kuloci faifai ne da ke manne da wani babban faifan ƙarfe mai juyawa a bayan inji. In kin taka sun rabu, in kin saki sun haɗu. Wurin da suke fara taɓa juna shi ne duk sirrin tuƙi. Nemi fili, sa giya ta ɗaya, kada ki taɓa totur ko kaɗan, ki dinga ɗaga ƙafar hagu sannu sannu har ki ji muryar inji ta yi ƙasa, gaban mota ya motsa. Tsaya nan daidai, ki bar ta ta fara tafiya da kanta, sa'an nan ki ƙarasa sakin. Motar gas za ta tashi haka a shimfiɗaɗɗen wuri. Yi ta maimaitawa sau goma, sau ashirin, sai ƙafarki ta haddace wurin kamar yadda ta haddace fedar keken ɗinki.

To ga canjin kansa. Giya ta ɗaya gajeriya ce, ta tashi ce kawai, da mota ta gangara tsawonta ɗaya ko biyu sai ki nemi ta biyu. Ƙafafun nan biyu lugude suke yi, in taɓarya ɗaya ta sauka ɗaya ta tashi: ƙafar dama na barin totur, ta hagu na danne kuloci, lokaci guda. Sa'an nan hannu. A nan ne Baba direba ya fi yi mini faɗa. Ya ce, "Malama, ba tuwo kike tuƙawa ba." Sandan giya sau biyu ake motsa shi. Fito da shi zuwa tsakiya, wurin da direbobi ke kira firi, ki ɗan dakata gwargwadon ƙirga ɗaya, kana ki tura shi a hankali har giyar ta karɓe shi da kanta.

Dalilin dakatawar nan kuwa, a cikin giyabos akwai wasu zobba na tagulla waɗanda aikinsu shi ne daidaita gudun haƙora biyu kafin su shiga juna. Haƙoran babbar mota manya ne, zobban na bukatar ɗan lokaci. Shi ma faifan injin gas nauyi gare shi, juyinsa ba ya sauka nan da nan. In kin yi gaggawa sai ki ji ƙurrr, kuma wannan ƙara tagulla ce ke cinyewa, gyaranta sai an sauke giyabos ɗungurungum. Da giya ta shiga, saki kuloci da ɗan sauri zuwa wurin nan da kika haddace, ki tausasa a nan, kina mayar da totur kaɗan kaɗan. Wadda ke zaune a baya bai kamata kanta ya gyaɗa ba.

Saukowa daga babbar giya zuwa ƙarama ya fi wuya, domin ƙaramar giya tana son inji ya fi sauri. Rage gudu da birki tukuna. Taka kuloci, in sanda ya iso firi ki ɗan taɓa totur allura ta ɗaga, sai ki sa giyar ki saki a hankali. Tsofaffin direbobi har taka kuloci sau biyu suke yi, su sake shi a firi su sake takawa. Sun koya ne a tsohuwar Land Rover, wadda giyarta ta ɗaya da ta biyu ba su da zobban nan sai da samfuri na uku ya fito a 1971. Motar yanzu ba ta bukatar haka, amma dabarar tana taimako in zobban sun tsufa.

Ribas kuwa sai mota ta tsaya cak. Taka kuloci, ƙirga uku, sa'an nan ki sa. In ya ƙi, sa giya ta ɗaya ki fitar, ki sake gwadawa. Da sanyin safiya lokacin hunturu man giyabos yana yin kauri, giya ta biyu takan yi taurin kai. Kada ki yi kokawa da ita, za ta saki in mota ta ɗumama.

Akwai halaye guda uku da nake roƙonki ki guje musu. Ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya yana cinye faifan. Riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci yana ƙona shi, har za ki ji ƙauri, birkin hannu aka yi domin wannan. Na ukun ya fi muni, watau sa mota a firi a gangara wai don tsimin mai, yadda wasu direbobin haya ke yi. Mota mai nauyi haka in ba inji na riƙe ta, birki kaɗai ke wahala har ya yi zafi ya daina kamawa. Giyar da za ki hau tudu da ita, da ita za ki sauka.

Saura ƙaramin sandan nan da ke gefen babba, wanda a sababbin motoci ya koma maɓalli. H2 na kwalta ne, tayoyin baya kaɗai ke ja. H4 na rairayi da taɓo ne, duka huɗun ke ja. L4 na mugun wuri ne, kuma ba a shigarsa sai an tsaya an taka kuloci. A wasu motocin sai kin sauka kin murɗa makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba zuwa LOCK, in ba haka ba aikin banza ne. Da kin hau busasshiyar kwalta ki koma H2, domin barin H4 a nan yana ɗaure ƙarafan ƙarƙashin mota. Kuskurena a daren nan shi ne canja giya a tsakiyar taɓo. Da kin taka kuloci taɓo ya riƙe tayoyi, mota ta tsaya. Zaɓi giyarki tun kina kan tsandauri, ta biyu takan wadatar, ki riƙe totur daidai har ki fita.

Ku kuma 'yan makaranta, doka ba ta ba da lasin tuƙi sai an cika shekara 18, saboda haka kada in ji wata ta ɗauki makullin Baba ta ce Malama ce ta ce. Amma ba a hana ku kallo ba. Gobe in an ɗauko ku, zauna inda za ki ga ƙafafun direba, ki kasa kunne ga inji, ki riƙa cewa a ranki "yanzu" kafin hannunsa ya kai ga sanda.