Maganin Ƙarin Jini: A Auna Tukuna, Sannan A Sha

Mu Hausawa har cikin gaisuwa gajiya ta samu wurin zama. A ce maka "Ina gajiya?" ka ce "Ba gajiya," ko da kuwa da ƙyar kake ɗaga ƙafa. Wanda ya kwana a kan buhunan albasa daga Bawku zuwa Kumasi, ko ya wuni a rana yana cinikin doya a Salaga, dole ya gaji, kuma wanka da tuwon zafi da barci sun ishe shi magani. Gajiyar da nake son mu tattauna daban take. Ita ce wadda za ka kwana da ita ka tashi da ita, mako biyu, wata guda, ka hau ɗan tudu numfashi ya tsaya, ka miƙe daga zaune jiri ya ɗebe ka.

Idan wannan ta kama mutum a zango, kowa likita ne. Wani ya ce jini ne ya yi ƙasa, a haɗa lemon malt da madarar gwangwani. Wani ya nuna maka kwalbar tonik a kantin magani. A cikin mota ma, kafin ku bar tasha mai talla ya miƙe da maganin da ya ce yana ƙara jini da ƙarfi da cin abinci duk a cokali ɗaya. Mu manya sai mu ƙara goro, wanda dama shi ya kawo kakanninmu Gonja, samari kuma su koma ga lemon ƙarin kuzari. Goro da lemon nan abu ɗaya ke aiki a cikinsu, kafin, kuma rufe gajiya kawai yake yi na 'yan awoyi. Mafi muni shi ne tiramol. Hukumar FDA ta Gana ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, bisa takardar likita, amma masu 120 da 225 suna yawo a hannun 'yan dako da masu okada, suna lalata mana yara.

Me ke shanye ƙarfin?

Gajiya mai daɗewa alama ce, kuma cututtukan da ke fakewa bayanta suna da yawa. Ƙarancin jini na gaba-gaba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji baligi da himogulobin ɗinsa, wato abin da ma'aikatan asibiti ke kira Hb, ya gaza 13 yana da ƙarancin jini. Ga mace 12 ne, mai juna biyu 11. To amma shi kansa ƙarancin jinin yana da dalili. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini. Akwai tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa ta zauna a hanji tana tsotsa. Mu da muke zaune tsakanin Farin Bolta da Jan Bolta, ga madatsun ruwa na noman rani, mun san tsargiya mai sa fitsarin jini. Ga basir mai zubar jini, ga gyambon ciki, ga sikila.

Wani kuma jininsa lafiya lau, abin da ke cin sa ciwon suga ne, ko ciwon hanta, ko tarin tibi, ko ƙoda, ko damuwar bashi da ta hana barci. Ina da abokin fatauci, tare muke sayen zabi muna kai kudu. Ya yi watanni yana fama da kasala da ƙishirwa, yana tashi fitsari sau huɗu a dare, kullum da malt da madara a gefensa don ƙarin jini. Ranar da ƙaramin ciwo a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa aka kai shi asibiti, ashe suga ne, kuma abin da yake sha da sunan magani shi ke hura wutar. Allah Ya rufa asiri ba a yanke ƙafar ba, amma jarin kakar nan a jinya ya ƙare.

Abin da na gani a ɗakin likita

Ni ma ta taɓa kama ni, shekara biyu da suka wuce bayan damina. Na ɗauki katin inshora na tafi asibiti a nan Zebilla. Likitan ya ja fatar idona ya duba, ya kalli tafin hannu, ya auna hawan jini, sannan ya shiga tambaya kamar mai binciken kaya a kan iyaka.

"Alhaji, tun yaushe? Kana ganin jini in ka zaga? Launin bayan gida ya yi baƙi? Ka rame? Wane magani kake sha in jiki ya yi tsami?"

Na ce, "Likita, ni fa ƙarin jini na zo nema."

Ya yi dariya ya ce, "Buhun da ya huje, Alhaji, zuba masa gero ake yi ko ɗinkewa ake fara yi?"

Ya tura ni gwajin jini, da na maleriya, da suga, da bayan gida. Hb ya nuna 10.6, aka kuma ga tsutsa. Ya bayyana mini cewa namiji mai shekaruna in sinadarin ƙarfe ya yi masa ƙaranci, wajibi ne a nemo inda jinin ke tsiyaya, domin wani lokaci daga hanji ne, kuma ana so a gano da wuri. Ya kuma ja kunnena kan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da muke haɗiya a kan hanya, ya ce yawan shansu yana ƙwarzane ciki har ya yi jini. Daga nan ya rubuta maganin tsutsa da ƙwayar ƙarin jini, ferrous sulphate, ya sa mini ranar dawowa. Bayan wata guda Hb ya kai 12. Ya ce in ci gaba har wata uku bayan jinin ya daidaita, don rumbun jiki ya cika.

Shan ƙwayar ma da ƙa'ida

Ƙwayar tana mayar da bayan gida baƙi, wani ta ɗaure masa ciki ko ta tayar masa da zuciya. Wannan sananne ne. In ta dame ka, koma a sauya maka yadda za ka sha, kada ka jefar. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, madara ma haka, don haka a bar tazarar kamar awa biyu tsakaninsu da ƙwayar. Lemo, gwaiba da ɗanyen tumatir kuwa taimaka masa suke yi. A cikin tukunya, hanta, nama, zabuwa, ƙananan kifi, wake, daddawa, zogale da alayyafo duk suna gina jini. Sannan iyaye mata, don Allah a ɓoye ƙwayoyin nan. Yaro yana ganinsu kamar alewa, kuma in ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi. Mai sikila da aka sha ƙara wa jini, shi kada ya kusance su sai likitansa ya ce, domin ƙarfen na iya yi masa yawa a jiki.

Matanmu da 'yan matanmu sun fi mu bukatar kulawa, saboda al'ada da ciki da haihuwa. A wurin awon ciki ana ba da ƙwayar ƙarin jini da folik asid, kuma tun 2008 mai juna biyu tana shiga inshora kyauta a Gana. A 2017 aka fara raba wa 'yan mata ƙwayar mako-mako a makarantu, jiharmu ta Upper East na cikin na farko. Maigida, in ka ga uwargida tana haki a gindin murhu, kada ka ce lalaci ne, raka ta a auna.

Ga mu masu yawo

Mu ba mu da likitan gida irin na Turai da ya san ka tun kana yaro. Amma kana iya samar wa kanka kwatankwacinsa. Zaɓi asibiti ɗaya ko ƙaramar cibiyar lafiya a garin da iyalinka suke, inda fayil ɗinka zai zauna, kana komawa can. Katin NHIS yana aiki a duk asibitin da hukumar ta amince da shi, ko a Yendi ciwo ya same ka ko a Techiman, kuma ana sabunta shi ta waya da *929# a biya da kuɗin waya. Ferrous sulphate da folik asid suna cikin jerin magungunan inshora, tonik mai kwali mai ƙyalli kuwa galibi daga aljihunka ne. Ka ɗauki hoton sakamakon gwaji da takardar magani ka ajiye a waya. Ran zuwa asibiti ka tafi da duk abin da kake sha, har da jiƙo da tsimi, ka baje a tebur. In Turanci ko Kusasanci ya yi maka nauyi, tafi da ɗanka ya yi tafinta. In kuma za ka sayi wani abu a kanti, duba lambar rajistar FDA da ranar lalacewa.

Akwai alamomin da ba a jira kasuwa ta tashi: haki kana zaune, ciwon ƙirji, suma, aman jini, baƙin bayan gida alhali ba ka shan ƙwayar ƙarin jini, kumburin ƙafafu, ido ya yi rawaya, rama ba dalili, ko tarin da ya wuce mako biyu. Wannan a rufe shago a tafi a ranar.

Na san lissafin da ke hana mu: wuni guda a layin asibiti ciniki ne ya wuce. Amma ku haɗa kuɗin kwalaben da ake saye wata da watanni, ku ɗora kwanakin da za a yi a kwance in abin ya yi nisa, da bakunan da ke jiran ku a gida. Kafin lodin albasa na bana ya kankama, a ware safiya ɗaya a je a auna. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a nema.