Harhaɗa Tafintan BASIC don Tsohuwar Kwamfuta da Matsalar Rubutun Hausa

A shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya saki rubutun tushe na tafintan BASIC da ya yi wa ƙwaƙwalwar 6502 tsakanin 1976 da 1978. Tafinta a nan shi ne shirin da ke karanta umarnin mutum layi-layi, ya fassara wa na'ura. Tushe kuwa shi ne asalin rubutun masu shirin, wanda sai an bi da shi ta wani shiri mai harhaɗawa kafin ya zama lambobin da na'ura ke ganewa. Kafin a harhaɗa, akan zaɓi na'urar da ake nufi, alal misali Apple II ko Commodore PET.

Abin da ya shafi masana harshe shi ne, a cikin tushen akwai jerin kalmomin umarni, kamar PRINT da RUN da END. Wanda ya sauya su da BUGA da FARA da ƘARE, ya sake harhaɗawa, ya sami tafinta mai karɓar umarni da Hausa. Wannan ɓangare ba shi da wuya.

Wuyar tana ga baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda babu su a tsarin ASCII mai gurbi 128. Zana su abu ne mai sauƙi: a Commodore 64 ta 1982, wadda BASIC ɗinta ya samo asali daga wannan tushe, kowane baƙi bayit 8 yake ci, saboda haka manya da ƙanana duka bayit 64 ne. Sai dai kuma lambar da za a ba su ita ce matsala. Tafintan yakan dunƙule kowace kalmar umarni ta zama lamba ɗaya daga 128 zuwa sama, kuma a jerin kalmomin yana gane baƙin ƙarshe ta hanyar ƙara masa 128. Ke nan idan aka ajiye Ƙ a can sama, sai tafinta ya ɗauka kalmar ƘARE ta ƙare tun daga baƙinta na farko. Mafita ita ce a sadaukar da wasu alamomin ƙasa da 128 da Hausa ba ta bukata. Yar da lanƙwasa kuwa ba mafita ba ce, domin ƙare zai koma kare. Unicode, wanda ya ba waɗannan baƙaƙe gurbi tun 1991, bai amfani irin waɗannan na'urori ba.

Akwai kuma batun karin harshe. A Tajaye, da sauran ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela, ana cewa hwara da hita inda Kano ke cewa fara da fita. Malamin yaƙi da jahilci zai ga HWARA a allon ɗalibi ya fahimta, tafinta kuwa saƙon kuskure zai fitar. Tarurrukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980 sun yi aikin daidaita rubutu ne don mai karatu, wanda ke iya cike giɓi da hankalinsa. A nan dole masu tsara yaƙi da jahilci su zaɓa tun kafin harhaɗawa: ko dai daidaitacciyar Hausa kaɗai, ko kuma a saka siffofin biyu a jerin, kowace da lambarta, su kai ga aiki ɗaya. Hanya ta biyu tana cin gurbi, amma ta fi dacewa da ɗan koyo.