Karɓe Bindiga Daga Hannun Mai Dukan Iyalinsa: Me Shari'a Ta Ce?

'Yan'uwa Musulmi, mas'alarmu ta wannan fitowa ita ce: mutumin da kotu ta tabbatar yana dukan matarsa ko 'ya'yansa, shin ya halatta hukuma ta hana shi riƙe bindiga? Amsa a taƙaice: ya halatta, kuma shi ne ya fi dacewa da manufar Shari'a ta kare rai.

Mu fara da dokar ƙasarmu. A shekarar 2007 majalisar Gana ta zartar da dokar hana cin zarafi a cikin gida, mai lamba 732. Wanda aka samu da laifi ana iya cin sa tara, ko a ɗaure shi har shekara 2, ko a haɗa masa duka biyun. Kotu kuma tana iya ba da umarnin kariya ga wadda ake cuta. Sashen 'yan sanda mai karɓar irin wannan ƙara shi ne DOVVSU. Ita kuwa bindiga, a Gana ba a riƙe ta sai da lasisi daga 'yan sanda, ana sabunta shi duk shekara. Ke nan izini ne da aka bayar bisa amana, kuma amana ana karɓe ta idan ha'inci ya bayyana.

Wasu ƙasashe sun rubuta hanin ƙarara. A Amurka, tun 1996 doka ta haramta bindiga ga wanda aka yanke wa hukunci kan dukan iyali. A watan Yuni 2024 Kotun Ƙolinsu, da alƙalai 8 cikin 9, ta tabbatar da hanin ga wanda aka sa wa umarnin nisantar iyalinsa. Afirka ta Kudu ma tana da irin wannan tanadi a dokar bindigogi ta 2000.

To, ina hujjarmu a addini? Ɗalibai ku lura da abubuwa uku.

Na farko, saddu zari'a, wato toshe hanyar ɓarna, asali ne babba a mazhabar Imamu Malik. Abin da yake halal a kan kansa ana hana shi idan ya rinjaya cewa zai kai ga haram. Da wannan ne malamai suka hana sayar da makami lokacin fitina.

Na biyu, babin hajru a fiƙihu. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a miƙa wa safihi dukiya, ko da tasa ce, saboda zai lalata ta. Idan an hana mutum dukiyarsa don tsoron asarar kuɗi, yaya makamin da asararsa rai ce?

Na uku, Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana a nuna ɗan'uwa da makami, don Shaiɗan yana iya fizgar hannun. Ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Wannan fa ga wanda ba a san shi da cuta ba. Nana A'isha (RA) ta shaida cewa shi kansa bai taɓa dukan mace ko mai hidima ba.

Wani zai ce: “Malam, ai ya tuba.” Madalla, Allah ya karɓa. Amma tuba tsakaninsa da Ubangijinsa ce, alƙali yana hukunci da zahiri. Mai saurin fushi da hannu kawai, ana samun maƙwabci ya shiga tsakani. Harsashi kuwa ba ya jiran mai rabon faɗa. Kuma ku duba gidajenmu na Nima da Maamobi: ɗaki jikin ɗaki, tsakar gida ɗaya, yara ko'ina. Karɓe makamin rahama ce ga shi kansa, don an tsare shi daga ɗaukar alhakin jini.

Saura namu. Mu a Zango mun saba sulhu a gaban liman, da sarki, da dattawan dangi, kuma sulhu alheri ne. Amma idan ƙarar duka ta zo gabanku, ku fara tambaya: akwai makami a gidan? Ya taɓa yi mata barazana da bindiga ko adda? In akwai, kada ku ce mata “koma ki yi haƙuri” alhali makamin yana ƙarƙashin katifa. A samar mata wurin zama a gidan iyayenta, a sanar da 'yan sanda su karɓe shi, sannan a zauna maganar sulhu. Idan bindigar ba ta da lasisi, irin ƙirar maƙera, riƙe ta ma laifi ne daban. Rufin asirin da zai ƙare da jana'iza ba rufin asiri ba ne.

'Yar'uwa, kai ƙara ba fitsara ba ce. Malikiyya sun ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa idan ta tabbata.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya ba mu ikon haɗiye fushi. Wallahu a'alam.