Ƙarambau Idan Ya Dawo Ta Ido

Masana ilmin ɗibbu sun tabbatar cewa ƙwayar cutar ƙarambau, ko da yaro ya warke ƙurajensa sun bushe, ba ta barin jiki, sai dai ta laɓe a gindin jijiyoyi shekara da shekaru, har ranar da tsufa ko wata lalura ta raunana garkuwar jikin mutum, sa'an nan ta farka, ta bi jijiya guda ta fito da ƙuraje masu ruwa da zogi mai tsanani. Likitoci na kiran wannan zosta. Idan jijiyar da ta bi ita ce mai kai wa goshi da ido, ƙurajen kan tsaya a gefe ɗaya na goshi, ba su ƙetare tsakiya, kamar an ja musu iyaka.

Akwai wata alama wadda likitan nan na Ingila, Jonathan Hutchinson, ya bayyana tun ƙarni na 19, wato fitowar ƙurji a kan tsinin hanci ko gefensa, domin reshen jijiyar da ke zuwa nan shi ne ke shiga cikin ido. Wanda ya ga haka lalle ne ya nufi likitan ido a ranar, ko da idon bai yi ja ba tukuna. Maganin sha, irin su acyclovir, miligiram 800 sau biyar a yini har kwana 7 zuwa 10, ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙuraje.

Inda mutane suka fi yin sakaci, a ganina, shi ne bayan fata ta warke, alhali kuwa a lokacin ne kumburi kan ci gaba a ɓoye, ya jawo hakiya, ko hawan jinin ido, ko ya kashe jin tantanin gaban ido har ya yi gyambo mai shi bai ji zafi ba. Saboda haka komawa asibiti wajibi ne, sanya kwalli kuwa ko ɗiga ruwan ganye ƙarin fitina ne. Haka nan maganin ɗigawa mai sitiroyid, wanda ke kwantar da kumburi a hannun likita, yana iya ƙara matsin ido idan an saye shi a kemis bisa son rai.

Idan mai ciwon matashi ne, likita kan nemi a yi gwajin ƙanjamau, domin a ƙasashenmu wannan ciwo sau da yawa shi ne farkon abin da ke nuna ta.