Yadda Laburaren Manhaja Ke Gano Rajistar Mai Gida

Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Sudan ta ɗauka domin tattara alƙaluman asibitoci, an gina ta ne da harshen Java, sannan an haɗa ta da laburare masu yawa, wato ƙunshin umarnin kwamfuta da wasu suka riga suka rubuta domin a ara. Kowane laburare yana buƙatar rajista, inda zai riƙa rubuta abin da ya faru yayin aiki, domin injiniya a Khartum ko Omdurman ya gano inda matsala ta taso. Sai dai marubucin laburaren bai san tsarin rajistar da manhajar za ta zaɓa ba, domin laburare baƙo ne, mai gida ke da zaɓi.

Tsare-tsaren sun yawaita da wuri, tun da Ceki Gülcü ya fitar da Log4j a 2001, Java kuma ta zo da nata a 2002. Commons Logging na gidauniyar Apache ya bi hanyar lalube: idan manhaja ta tashi, zai duba ko an ambaci wani tsari a saiti, in babu sai ya kira Log4j da suna, in bai amsa ba ya koma kan na Java. Dabarar ta yi kyau a takarda, amma a sabar irin Tomcat, inda manhajoji da dama ke zaune tare kowace da ma'ajiyarta, laluben yakan cafko abin da ba shi ake nufi ba, saƙonni su ɓace ko manhajar ta ƙi tashi.

SLF4J, wanda shi ma Gülcü ya rubuta, ya yi watsi da lalube, kuma wannan ya fi hankali. Laburare yana magana da SLF4J kaɗai, mai manhaja kuma ya ajiye fayil guda da ke haɗa shi da tsarin da ya zaɓa. In babu, sai a yi gargaɗi a daina rubutu, in sun fi ɗaya a faɗi wanda aka ɗauka. Daga siga ta 2.0, ta 2022, tsarin rajistar ne ke gabatar da kansa ta hanyar wata kafa ta Java mai suna ServiceLoader.

Sai dai ba kowane laburare ne ke barin zaɓi ga mai gida ba. A Disambar 2021, lokacin da aka bayyana ɓarakar tsaro ta Log4Shell a Log4j 2, masu kula da sabobi a faɗin duniya sai da suka binciki ma'ajiyoyinsu fayil bayan fayil, domin da yawa ba su san cewa wani laburare ya shigo musu da shi ba.