Awo kafin walda: Yadda ake sake ƙera ƙafafun bayan motar shiga daji

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila da damina, ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan da ke bayan Gembu, ya san abin da hanya take yi wa mota. Taya ɗaya na cikin rami, ɗaya na kan dutse, wata kuma tana lilo a sama tana juyawa a banza. A irin wannan wuri ƙarfin inji kaɗai ba ya fitar da mota. Abin da ke fitar da ita shi ne tayoyinta su ci gaba da taɓa ƙasa, kowace ta bi tudu da kwarin da ta tarar.

Neman wannan sassauci ne ya haifar da wata sana'a da ta bunƙasa a Amurka, inda masu tseren motoci a duwatsu da hamada ke cire sifirin ɗin bayan mota mai falle-falle, su ɗaure aksul da sandunan ƙarfe da suka ƙera da hannunsu. Tseren Baja 1000 da ake yi a Meziko tun 1967, da na King of the Hammers da aka fara a 2007 a hamadar Kalifoniya, suna cikin wuraren da aka gwada wannan dabara har ta nuna. Yau hotunan irin wannan aiki suna cikin wayar duk mai sha'awa, kuma a kasuwar kanikawa ta Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ba a rasa hannun da zai iya yanka ƙarfe ya haɗa. Sai dai hoto yana nuna walda ne kawai, ba ya nuna lissafin da aka yi kafin a kunna wuta.

Ayyuka biyu na tsohon sifirin

Sifirin mai falle-falle, irin na bayan Hilux, aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana ɗaukar nauyin mota, yana kuma riƙe aksul a wurinsa, kada ya matsa gaba ko baya, kada ya goce gefe, kada ya mirgina idan an taka totur. Sifirin mai naɗi nauyi kawai yake ɗauka. Da zarar an cire na farko an sa na biyu, duk aikin riƙon ya koma kan sanduna da kunnuwan ƙarfen da aka liƙa su a jiki.

Manyan kamfanoni sun daɗe da bin wannan hanya. Range Rover ta fito da sifirin mai naɗi tun 1970, Land Cruiser samfurin 80 ta biyo baya a 1990, Jeep Wrangler kuma ta sauya a samfurin 1997. Bambancin shi ne waɗannan sun fito daga hannun injiniyoyi bayan dogon gwaji. Mai ƙerawa a gareji shi ne injiniyan, shi ne mai waldar, sau da yawa kuma shi ne zai fara hawa.

Tsari biyu aka fi bi. A na farko, sanduna huɗu ne ke tafiya a miƙe daga shasi zuwa aksul, biyu a sama biyu a ƙasa, sai ta biyar da ke gicciye tana hana aksul gocewa gefe. Ita ce ake kira sandar Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa. A na biyu, ana karkata sandunan ne su yi siffar duwatsun murhu idan an leƙo daga sama, karkatar ce kuma ke hana gocewa, don haka ba a buƙatar ta biyar. Masu sana'ar kan nemi jimillar karkatar ta kai digiri 40 ko fiye. Idan ta gaza, bayan mota zai riƙa kaɗawa a kwana.

Lissafin da ido ba ya gani

Abu na farko shi ne tazarar da ke tsakanin sandar sama da ta ƙasa a jikin aksul. Idan aka taka totur, aksul yana ƙoƙarin mirginawa, sai ya ja ta sama ya danna ta ƙasa. Wanda ya taɓa riƙe doguwar gora da hannaye a haɗe ya san yadda take rinjayarsa, ya kuma san sauƙin da yake samu idan ya ware hannayen. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tazarar ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin taya. Taya mai inci 35 tana son tazarar kusan inci 9. Aka matse ta, ƙarfin da ke kan kunnuwan ya ninka.

Na biyu shi ne gangaren sandunan idan an dube su daga gefe. Da za a ja layin ta sama da na ta ƙasa zuwa gaba, za su haɗu a wani wuri, kuma wannan mahaɗa ce ke yanke ko bayan mota zai durƙusa ko zai ɗago idan an ba ta wuta. Ɗagowar ta yi yawa, tayoyi su riƙa tsalle a kan hawa, tsallen kuma shi ke karya farfela da sandar cikin aksul. Shi ya sa ake son sandunan ƙasa su zama dogaye, kusan a kwance, na sama kuma su kai kimanin kashi 70 cikin 100 na tsawonsu. Gajeriyar sanda mai tsananin gangare tana jawo taya ɗaya gaba duk lokacin da mota ta karkata, sai bayan ya riƙa tuƙa kansa ba da izinin direba ba.

Na uku shi ne bakin aksul inda farfela ke shiga. Yayin da aksul ke hawa da sauka, bakin yana sunkuyawa yana ɗagowa. Idan kusurwarsa ta yi tsanani, mota za ta kama karkarwa, gaɓoɓin farfela su ci kansu cikin 'yan makonni.

Daga ƙasa zuwa wuta

Gwanayen aikin ba sa gaggawar walda. Sukan ɗora shasi a kan matokara a daɓe mai daidaito, su ajiye aksul a tsayin da mota za ta zauna, su saki igiya mai nauyi a baki su yi alama a ƙasa, har sai awon dama da na hagu sun zo ɗaya. Wasu kan fara gwada tsawon sandunan da bututun roba mai arha. Daga nan sai a ɗiɗɗiga walda kaɗan a kunnuwan, a sa jak a ɗaga aksul har ƙarshe, a sauke shi har ƙarshe, a ɗaga gefe ɗaya a saki ɗayan, ba tare da sifirin ba. A nan ake ganin tayar da ke gogar jiki, da tiyon burkin da ya miƙe har zai tsinke, da sandar da ke bugun tankin mai. Gyara a wannan mataki na mintuna ne. Bayan cikakkiyar walda, na kwanaki ne.

Ƙarfen ma yana da nasa sharaɗi. Sandunan ƙasa su ke cin duwatsu, don haka akan yi su da bututu mai faɗin inci 2 da kaurin rubu'in inci, wanda aka yi domin ɗaukar nauyi. Bututun ruwa bai dace ba ko kaɗan, kuma farin rufin da ke jikinsa yana fitar da hayaƙi mai cutar da mai walda. Kowace gaɓa a rungume ta da kunnuwa biyu, dama da hagu, a ɗaure da noti mai lambar ƙarfi 10.9. Tulun tsakiyar aksul a motoci da yawa zubin ƙarfe ne da ba ya karɓar walda da sauƙi, shi ya sa ake gina masa gada daga bututu zuwa bututu a ɗora kunnuwan sama a kanta. Ita kanta waldar kaɗan-kaɗan ake yi ana sauya gefe, domin zafi mai yawa yana lanƙwasa aksul. A ƙarshe a sa robar da ke tare hawansa da ɗamarar da ke tare saukarsa, kada shokazoba ta zama ita ce birkin aksul.

Wa ya kamata ya yi?

Ba kowace mota ce ke buƙatar wannan sauyi ba. Toyota ta sa wa Land Cruiser samfurin 79 sifirin mai naɗi a gaba tun 1999, amma har yau ta bar mai falle-falle a baya, kuma da dalili. Yana jure kaya, yana raba nauyi a wurare biyu a kowane gefen shasi, idan falle ɗaya ya karye a daji ana iya ɗaure shi a lallaɓa zuwa gari. Direban da ke lodin buhuna daga Gembu, ko mai ratsa rairayi daga Agadas zuwa Dirku, ya fi amfana da sabon sifirin da shokazoba mai kyau. Sanduna sun fi dacewa da motar da aka keɓe wa duwatsu da kwazazzabai, mai ɗaukar mutane kaɗan.

Wanda kuma ya yanke shawarar yi, ya sani cewa kunnen sanda ba ya yin gargaɗi kamar falle. Idan ya ɓalle ana cikin gudu, aksul ya juya, farfela ta fice, tiyon burki ya tsinke, duk a ƙiftawar ido. Takardar lafiyar mota ba ta leƙa cikin walda. Saboda haka mai mota ya nemi a nuna masa awon a rubuce, ya tsaya a ɗaga aksul a sauke a gabansa, a fara gwaji a fili babu fasinja, sannan a sake duba kowane noti da kowace walda bayan tafiyar farko. Makanikin da ya ji haushin waɗannan buƙatu, a bar masa aikin ƙofa da taga.