Darasin 'Yancin Ɗan Ƙasa Ba Ya Koyar da Fitsara

Iyaye da dama, har da wasu malamai, suna cewa darasin haƙƙin ɗan ƙasa da ake koyarwa a makarantu yana buɗe wa yara ido fiye da kima. Wai yaron da aka faɗa wa yana da ikon tuhumar shugaba, gobe ubansa zai tuhuma. Masu wannan magana tarbiyya suke karewa, kuma sun ga irin zagin da ake yi wa manya a Facebook da sunan siyasa. Damuwarsu tana kan hanya, amma a ganina ba darasin ne ya jawo hakan ba.

Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaronsu da walwalarsu ne babban aikin gwamnati. Sashe na 24 kuwa kan ɗan ƙasa ya juyo: ya bi doka, ya kiyaye mutuncin sauran mutane, ya biya haraji. Malamin da ya karantar da na farko ya tsallake na biyu, shi ya yi ha'inci.

A duba samarin da 'yan siyasa ke ɗauka banga, 'yan jagaliya a Kano ko 'yan kalare a Gombe. Yawan sanin 'yanci ne ya sa suka ɗauki gora? Wanda bai san kwashe shara da kula da kasuwa da tashar mota aikin ƙaramar hukuma ne ba, shi ne yake zagin kowa idan unguwa ta yi wari. Wanda bai san aikin ɗan majalisa yin doka ne da bin diddigin kasafin kuɗi ba, shi ke zaman jiran kuɗin suna a ƙofar gidansa, a ba shi ya yi kirari, a hana shi ya yi jifa. Da ya san sashe na 69 ya tanadi kiranye, da takarda zai nema.

Yi wa masu mulki gyara ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi, Malam Aminu Kano kuma daga aji ya fito ya shiga siyasar talakawa.

Tun 2018 aka rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare bana, nan da shekara bakwai ko takwas yana iya zama mai yi mana doka.